Kunnen da Aka Yi Talla da Shi

Ranar da Hansatu ta sayo bindigar huda kunne, ba ta gwada ta a kunnen 'yarta Ummul-Khair ba. Munawwara ta ƙwala wa kira.

"Ke, ajiye wanke-wanken nan ki zo. Zauna nan gabana."

Munawwara 'yar ƙanen Hansatu ce, shekararta goma sha ɗaya. Ubanta Joda yana can da shanunsa a dajin wajen Damagum, ya kawo ta Potiskum hannun yayarsa don ta yi makaranta. Makarantar dai ana zuwa ranar da aikin gida ya ɗaga ƙafa, kuma ba ya yawan ɗagawa.

Ta zo tana goge hannu a zani, ta zauna. Hansatu ta matse kanta tsakanin gwiwoyinta, ta kama kunnen dama, ta ɗiga masa alamu da biro, tun daga saman tsohon hujin da aka yi mata tana jaririya har can ƙololuwa. Huji na farko yarinyar ta cije leɓe. Na biyu ta yi ƙara. Na uku ta fara roƙo. Na ƙarshe a guringuntsi aka ɗora bakin bindigar, can sama inda babu tsoka, aka danna. Ƙas! Har Ummul-Khair da ke riƙe da waya sai da ta runtse ido. Munawwara ta zabura da ihu, Hansatu ta sakar mata ranƙwashi a tsakar ka.

"Rufe min baki! Wasu biya suke yi a yi musu, ke an yi miki kyauta kina wa mutane kururuwa."

Ta share mata hawaye da majina da gefen zani, ta goge jinin, ta juya kanta wajen haske ta ɗauki hoto. Kafin azahar hoton ya hau waya, ga barima huɗu suna ƙyalli a jere, an rubuta a ƙasa: Huji na zamani, babu zafi.

Kasuwa kuwa ta buɗe. Mata suka riƙa zuwa daga unguwanni, har daga Ngojin ake hawo keke napep a zo. Duk wadda ta shigo, kafin ta zauna Hansatu za ta ɗaga murya, "Munawwara! Zo ki nuna musu." Yarinyar ta bar abin da take yi ta zo ta durƙusa, ta zame hijabi, ta juya musu kunne. Wannan ta taɓa, waccan ta murza barimar ta ga ko tana juyawa, wata ma yanzu ta gama share wa ɗanta hanci. Babu wadda ta taɓa tambayar ta ko akwai ciwo, ai an rubuta babu zafi. In sabon samfurin barima ya zo, Hansatu ta fizge na jiya daga hujin da bai warke ba, ɓawon ciwon ya biyo ƙarfen, ta cusa sabo ta sake hoto.

Na ƙasan uku suka daure suka warke. Na saman ya ƙi. Wani ɗan ƙululu ya fito a bayan hujin kamar ƙwayar gero, ja, yana ƙaiƙayi. Kafin a farga ya kai girman wake.

Basira ce ta fara lura. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Ta shigo aron turmi ta tarar da Munawwara tana shara da kai a karkace, ta kira ta ta duba.

"Maman Ummu, kin ga kunnen yarinyar nan kuwa?"

"Na gani. Sosawa take yi. Hannunta ba ya zama wuri ɗaya."

"Ba susa ba ce kawai. Ƙarfen nan tsatsa yake yi, ga shi ana ta cire shi ana mayarwa. Abin da sauƙi yanzu, wallahi. A bar taɓa shi. Kada a matsa, kada a murza. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a samu tsumma mai tsabta a riƙa dasa mata safe da yamma. Ta daina kwanciya ta gefen, a sassauta mata ɗankwali. In kika ga ya yi ja ya ɗau zafi, ko ya fara ruwa, ki ba ni ita mu je asibiti a cire barimar yadda ya kamata. Guringuntsi ba ya wasa."

Hansatu ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To likita, mun ji. Mu da aka huda mu da ƙaya aka soka mana tsinken tsintsiya, ga mu nan da kunnuwanmu."

Basira ta ɗauki turmi ta fita. Maganarta ba ta shiga kunnen Hansatu ba, amma ta shiga na Munawwara. Washegari da ta ɗora ruwan koko sai ta ɗebi kaɗan a murfin kwano, ta tsakuro gishiri, ta yago gefen tsohon ɗankwalinta ta wanke shi, ta laɓe bayan ɗakin girki tana dasawa. Wani sanyi ta ji har cikin ranta. Ta yi haka da safe, ta yi da yamma, ƙaiƙayin ya lafa, jan ya fara dushewa. Da an ƙyale ta da murfin kwanon nan, da wannan labarin bai samu abin faɗa ba.

Hansatu ta kama ta ana cikin haka.

"Me kike yi a nan? Gishirina kike sata? Dama na ce ke ce kike jagwalgwala kunnen nan don ki kashe min kasuwa!"

"Goggo, Anti Basira ce ta ce..."

Ba ta ƙarasa ba. Hansatu ta yi ƙwallo da murfin, ta cafki kunnen nan mai ciwo, shi ɗin dai, ta murɗe shi ta ɗaga sama har yarinyar ta tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa. Ta ja ta haka daga bayan ɗakin girki har tsakar gida. Barimar ta yaga gefen hujin, jini ya gangaro wuya ya shiga riga. Munawwara tana "Wayyo Goggo, na tuba, na tuba," ba ta ma san laifin da take tuba a kansa ba.

"Basira ce uwarki? Ita take ciyar da ke? Kawo kan nan, yau zan raba ki da wannan abin."

Ta sake matse kan tsakanin gwiwoyi, ta sa manyan yatsunta biyu ta matse ƙululun da ƙarfinta duka. Babu abin da ya fito sai jini. Ta fasa kafso ta barbaɗa, ta dangwala jiƙaƙƙiyar kanwa a kai, sannan ta mayar da barimar cikin raunin, don akwai masu zuwa da la'asar. Da suka zo ta ce yarinyar tana makaranta, ta nuna musu hoto.

Mijin Hansatu, Muhammadu Lawan, dillalin shanu ne a kara. Mutum ne da bai san sunan ciwo ba sai ya fara ganinsa a jikin dabba. Ya dawo da yamma yana warin garke, ya tarar da yarinyar a rakuɓe tana sheshsheka, ya sa ta zo. Ya kama haɓarta ya juya kan kamar mai duba haƙoran bijimi.

"Wannan? Tsiro ne. Maraƙi ma yana yi. Ku mata ba ku san komai ba sai ɓarnar kafso."

Washegari ya dawo da silin gashin jelar saniya a aljihu. Haka suke yi wa maraƙi in tsiro ya fito masa, a ɗaure gindin abin tamau, jini ya daina zuwa, ya bushe ya faɗi da kansa. Ya zagaya gashin a gindin ƙululun ya ja. Munawwara ta ƙanƙame ƙafar kujera. Ya ƙara ja har gashin ya nutse cikin fata, ya ƙulle, ya ciro gwangwanin maganin feshi mai shuɗi da ake fesa wa shanu a rauni ya fesa mata har cikin gashi.

"Shi ke nan. In kika kwance shi, ni da ke ne."

Maraƙi dai tsironsa faɗuwa yake yi. Na Munawwara ba tsiro ba ne, ciwo ne da ƙwayar cuta ta riga ta shiga, kuma aka toshe mata hanya. Ƙululun ya yi baƙi. Saman kunnen duka ya kumbura ya yi suntum, yana sheƙi, har lanƙwasar kunnen ta ɓace. Zugi yake mata kamar ana buga ganga a ciki. Zazzaɓi ya rufe ta. Duk da haka ita ke ɗebo ruwa, igiyar hijabi tana gugar wurin duk taku ɗaya. In ta yi nishi, Hansatu ta ce raki. In ta kwanta, ta ce lalaci. Ranar da jiri ya ɗebe ta ta saki tulu ya fashe, sai da aka zane ta da wayar caja, kuma bugu biyu a kunnen suka sauka.

Ran Laraba, ranar kasuwar shanu, Joda ya shigo gari. Ya zo da ƙwaryar kindirmo da man shanu, ya zauna a tabarma a tsakar gida, sandarsa a gefe. Kafin ya shigo Hansatu ta riga ta ja Munawwara ɗaki ta ɗaura mata hijabi mai kauri, ta nuna ta da yatsa. "Ki buɗe baki ki gani."

Ba ma sai ta wahalar da kanta ba. Munawwara 'yar fari ce, kuma a wajen su Joda mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallon sa a gaban mutane, ba ya tambayar lafiyarsa. Kunya ce, da ita aka haife su, da ita ake gane ɗan mutunci. Tun da aka haifi yarinyar nan sunanta bai taɓa fita daga bakin ubanta ba. Yana son ta kamar ransa, amma a ɓoye.

Ta zo ta durƙusa nesa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon katanga. Ya jawo Ummul-Khair kusa, ya tambaye ta karatu, ya yi mata wasa, ya ba ta alewa. 'Yarsa tana durƙushe taku kaɗan daga gare shi, gumi na tsattsafo mata, leɓunanta sun bushe, wani wari-wari na tashi daga hijabin. Joda mutum ne da in saniyarsa ta kaɗa kunne sau biyu zai tashi ya duba ko kaska ce. Bai juyo ba.

"Adda, mutanen gida lafiya?" Iyakar tambayar da al'ada ta yarje masa ya yi wa yayarsa ke nan.

"Lafiya ƙalau. Ɗan ƙurji ne ya fito wa waccan a kunne, ta ƙi barin susa. Baban Ummu yana mata magani."

"To, madalla. Yarinya naki ne, Adda. In bai ji magana ba ki buga."

Da ya tashi tafiya Munawwara ta bi shi har zaure da ƙwaryar da aka juye. Su biyu ne kawai a wurin. Ta miƙa masa, ta buɗe baki za ta faɗa masa, ta fasa, don ita ma da kunyar aka raine ta. Ya karɓi ƙwaryar yana kallon ƙofa.

"A riƙa jin maganar Goggo," ya ce, ya sa kai ya fita.

Ta tsaya a zauren tana kallon bayansa har ya sha kwana. Ranar ta yi kukan da ya fi na ranar huji.

Basira ta sake shigowa da ta ga kwana biyu yarinyar ba ta fito ɗiban ruwa ba. Ta tarar da ita kwance a ƙasa a ɗakin girki, ta ɗaga hijabin, ta yi salati da ƙarfi.

"Maman Ummu, ki ji tsoron Allah! Kunnen nan ruɓewa yake yi. Wa ya ɗaure shi? Ku ba ni ita yanzun nan."

Lawan ne ya fito daga ɗaki yana saɓa riga. "Malama, gidan nan naki ne?"

"Baban Ummu, yarinyar nan za ta rasa kunne."

"Na yi wa shanu fiye da garke magani kafin a haife ki. Ya nuna ne, ruwa ya tara, fitar da shi za a yi. Ki je ki yi wa mijinki likitanci."

Bayan ya raka ta da ido har waje, Hansatu ta faɗi abin da ke ranta, ƙasa-ƙasa. "In aka kai ta asibiti tambaya za su yi wa ya huda. Ga Salla ta matso, mata sun fara yi min waya. Kashe ni za a yi da raina."

"Wa ya ce za a kai ta? Hura min gawayi."

Sakiya ya ce zai yi, irin wadda ake yi wa bijimi in ƙurji ya nuna a wuyansa, a soka jan ƙarfe ruwan ya fita. Da hantsi ne, rana ta fito sarai. Hansatu ta hura kurfoti a tsakar gida, Lawan ya cusa basilla cikin garwashi ya tsaya yana jira. Aka aiki Ummul-Khair kanti don kada ta gani ta tsorata. Ita dai an tausaya mata.

Munawwara ta ga ƙarfen ya yi ja, ta gane. Duk da zazzaɓin ta yunƙura ta nufi zaure da gudu. Lawan ya cim mata a taku uku, ya shaƙo wuyan rigarta ya maka ta da ƙasa, ya haɗa hannayenta a baya ya ɗaure da igiyar da yake dabaibaye maruƙa. Ya danne bayanta da gwiwa. Hansatu ta zauna ta kama kan, ta manna kumatun hagu da ƙasa, ta danna da tafin hannu biyu.

"Goggo don Allah! Goggo don Annabi! Baba Lawan zan daina susa, wallahi ban sosa ba, zan daina!"

"Riƙe ta da kyau," in ji Lawan.

Ya kama basillar da tsumma ya soka. Ƙarar da yarinyar ta yi ba irin ta mutane ba ce. Ƙauri ya tashi, mugunya da jini suka fantsamo masa a hannu. Ta banƙare, ƙafafunta suna dukan ƙasa, fitsari ya jiƙe zaninta. Ya zare, ya duba, ya ce bai kai ba, ya mayar da ƙarfen wuta. A na biyun basillar ta fasa ta ɓulla ta gaba. Ihun ya yanke. Jikin ya saki.

Basira ba ta tsaya neman ƙofa ba, ta kan katanga ta diro, ba mayafi. Ta ture kurfotin da ƙafa, garwashi ya watse. Hansatu ta taso mata, suka sarƙe, Hansatu ta yakushe ta a fuska, Basira ta haɗa ta da bango har kanta ya yi ƙara. Lawan ya ɗaga hannu.

"Taɓa ni!" Basira ta ce tana haki. "Taɓa ni ka gani in ba a ofishin 'yan sanda za ka yi Salla ba. Azzalumai! Dabba ce?"

Mata sun fara leƙowa ta zaure. Lawan ya sauke hannu. Basira ta kwance igiyar, ta saɓi yarinyar a kafaɗa ta fita titi tana tsayar da keke napep.

A asibiti likita ya daɗe yana duban kunnen. Da ya ɗago, ransa a ɓace yake. Ya ce guringuntsin ya mutu, ciwo ya ci rabi, wuta ta ƙarasa sauran, in ba a yanke ba zai bi ya shiga jini. Ya ce da tun yana ɗan ƙululu aka bar shi ya huta, ko aka kawo ta da ya fara zafi, da magani kaɗan ya isa. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Lawan, wanda ya biyo su daga baya da babbar riga, ya riga kowa amsawa.

"A ruga aka yi mata, likita. Ka san mutanen daji. Mu ma haka aka kawo mana ita."

Basira ta ce ƙarya ne, ta faɗi komai. Aka rubuta, aka ce za a bincika. Kafin yamma dattawan unguwa sun zo sun same ta, wai maganar gida ce, wai riƙon ɗan wani da wuya, wai Hansatu ba da mugunta ta yi ba, neman sauƙi take wa yarinya. Mijin Basira ma ya ce ta fita daga harkar, zaman unguwa ake yi. Magana ta mutu a nan. Hansatu ta kira Joda a waya ta ce an yi wa yarinya ɗan aiki a asibiti, an gode Allah. Ya ce Allah ya saka wa Adda da alheri.

Aka sallamo Munawwara ta koma gidan da aka ƙona ta, don babu wani gidan. Da aka cire bandeji, saman kunnen dama babu shi. Abin da ya rage wani ɗan dungu ne a tattare, da tabon ɗinki, da hujin nan uku a ƙasa. Ta kalli madubin Ummul-Khair sau ɗaya, ba ta sake ba. Ta daina magana sai an tambaye ta. Hansatu ta saya mata hijabi mai roba ta ce ko barci za ta yi kada ta cire, kuma in baƙi sun zo ta zauna a ɗakin girki. Hoton nan na ranar farko kuwa yana nan a waya, barima huɗu suna ƙyalli, babu zafi.

Larabar ƙarshe kafin Salla ɗakin Hansatu ya cika da mata da 'ya'yansu. Wata mata daga Ngojin ta zo da 'yarta Hajaratu, 'yar shekara bakwai mai kitso. Ta ce ita irin na hoton take so, har na can sama.

"Ina yarinyar nan taki ma? Kira ta in ƙara gani a ido."

"Ta tafi ƙauye," in ji Hansatu. Ta jawo Hajaratu ta matse kanta tsakanin gwiwoyi, ta ɗiga biro a guringuntsi, ta ɗauki bindiga.

Ɗakin girki yana jikin ɗakin, Munawwara tana jin komai. Ta ji yarinyar ta fara kukan tsoro, ta ji Goggo tana cewa, "Yi shiru, babu zafi." Ta ajiye wuƙar da take yanka kuɓewa. Ta shigo ɗakin ba sallama, ta ratsa matan, ta durƙusa a tsakiya daidai inda ta saba durƙusawa. Ta zame hijabin. Ta juya musu gefen dama.

Wata ta ce, "Innalillahi."

"Ni ce ta hoton," in ji Munawwara. "Ku taɓa mana. Ai kullum kuna taɓawa."

Matar Ngojin ta fizge 'yarta daga gwiwoyin Hansatu har bindigar ta faɗi. Mata suka miƙe, kowa na jan nata, ana neman takalma ana Allah wadai. Hansatu tana bin su tana cewa ƙaddara ce, ciwon daji ne, maita ce aka yi wa yarinya, babu wadda ta waiwayo. Da ɗakin ya zama wayam ta juyo, idonta ya rufe. Ta fizgo wayar caja ta ja Munawwara tsakar gida ta shiga tafka mata ta ko'ina, baya, wuya, fuska. Yarinyar ba ta gudu ba, ba ta kare kai ba, ba ta ce ta tuba ba.

A haka Joda ya yi sallama ya shigo da ƙwaryar kindirmo.

Wannan karon babu hijabi, babu katangar da zai kalla. Ya ga shatar waya a fuskar 'yarsa, ya ga jini a leɓenta, sannan ya ga kunnen. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannunsa, nono ya malale a ƙasa. Ya tako a hankali ya tsuguna, ya kai hannu zai taɓa dungun, ya fasa.

Hansatu ta saki wayar ta fashe da kuka. "Joda, ƙaddara ce. Wallahi babu irin maganin da ba mu yi ba. Da ba na son ta zan riƙe ta? Kai ka ce in ba ta ji ba in buga. Ka san halin yaran yanzu..."

Bai kalle ta ba. Ya damƙe sandarsa har jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya ɗaga ta, ya sauke ta a kan bindigar hujin da ta gangaro bakin ƙofa. Ya sake bugawa, ya sake, har ta zama tarkace. Sannan ya juyo, hawaye na bin gemunsa, a gaban yayarsa, a gaban matan da suka taru a zaure, ya yi abin da bai taɓa yi ba.

"Munawwara," ya ce. "Munawwara, ɗauko kayanki."

Ta ɗago ta kalle shi kamar ba ta gane wa ake kira ba.

Har yau in an tayar da maganar a unguwar, kowa yana da abin faɗa. Hansatu ta ce ita neman halal take yi. Lawan ya ce maganinsa bai taɓa ƙin ci a jikin shanu ba, jinin yarinyar ne ba kyau. Dattawa suka ce ai an sasanta. Matan da suka riƙa murza barimar da hannunsu suka ce su ba su sani ba. Ni kuwa na ce duk ƙarya suke yi. Abin da ƙululun nan ya nema bai wuce murfin kwano na ruwan ɗumi da tsakuren gishiri da a ƙyale shi ba, kuma yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta gane haka ta fara yi, manya suka ƙwace suka ba ta wuta. Ba wanda aka kama, ba wanda ya ce ya yi laifi. Hansatu ma an ce ta yi odar sabuwar bindiga.

Uban da 'yar suka hau motar Damagum da yamma. Ya zaunar da ita jikin taga, shi ya zauna ta damanta, ta gefen dungun. Duk tsawon hanyar yana kiran sunanta, yana tambayar ta ko za ta sha ruwa, ko za ta ci ƙosai, ko wurin yana zafi. Tana jin sa sarai, don ramin kunnen bai toshe ba. Sai da suka kusa sauka ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Baaba, da waccan Larabar ka kira ni."